Yaro yana son zama gola: ta ina ake bi har a ci abinci da tsaron raga?

Kawun Gola, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum. Ɗan yayana ne, shekararsa 15, tsawonsa mita 1.74, shi ke tsare wa ƙungiyar unguwarmu raga. Ya kafe kan cewa tsaron gida zai riƙe sana'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar: me ya kamata ya fi ba ƙarfi a atisaye? Tsawon nan zai isa? Wace hanya ake bi daga filin unguwa zuwa babban kulob? Sannan safar hannunsa ba ta wata biyu sai ta ɓare. Allah Ya saka da alheri.

Kocin Yara, Rafindadi

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko, a rage masa son shawagi. Yaranmu sun ɗauka gola shi ne mai tashi sama 'yan kallo su yi ihu, alhali yawan faɗuwa alama ce ta cewa tun farko bai tsaya inda ya dace ba. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta 2.44. Babu mai tsawon da zai rufe wannan da jikinsa, da ƙafa ake rufe ta.

Ga yadda ake koya masa tsayuwa. A samu igiya doguwa, a ɗaura bakinta ɗaya a turken dama, ɗayan a na hagu, a ja tsakiyarta zuwa inda ƙwallo take. Tsakanin igiyoyin nan biyu kaɗai ƙwallo za ta iya bi ta shiga. Ya tsaya a tsakiyarsu, ya riƙa matsowa gaba har ya ga in ya faɗi dama ko hagu hannunsa zai taɓa igiya. Nan ne mazauninsa. A sauya wa ƙwallo wuri, a maimaita, har ƙafarsa ta haddace ba sai ya waiwaya ya dubi turke ba. In ya cika fitowa za a ɗaga masa ita ta saman kai, in ya manne a layi ya buɗe kusurwoyi biyu.

Lokacin da ɗan gaba ya ɗaga ƙafa zai buga, dole gola ya riga ya tsaya cak: ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, nauyi a kan tafin gaba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a gaban jiki. Yawancin ƙwallayen da ake cewa "ta fi ƙarfinsa", in ka duba, yana cikin tafiya aka buga.

Kamu kuwa iri uku ne. Wadda ta zo daga ƙirji zuwa sama, manyan yatsu biyu su kusa haɗuwa a bayan ƙwallo, in suka ware ta tsakaninsu za ta kuɓuce. Wadda ta zo ciki, a rungume ta, gwiwar hannu a matse. Ta ƙasa, jiki ya kasance a bayanta, domin filayenmu na Katsina ba su da amana, tsakuwa ɗaya za ta sauya mata hanya. In zai faɗi, ya taka da ƙafar da ke kusa da ƙwallo, ya nufi gaba kaɗan, ya sauka a gefen cinya da haƙarƙari da kafaɗa. Ba a sauka a gwiwar hannu, ba a sauka rub da ciki. A fara daga zaune, sannan a durƙushe, sannan a tsaye, kuma a kan yashi. A busasshiyar ƙasa ta hunturu jikin yaro tsoron faɗuwa zai koya.

Kada a manta da ƙafa. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya miƙo masa da ƙafa da gangan, daga 2019 kuma 'yan baya na iya karɓar bugun gola a cikin yadi na 18. Kwana biyu a mako ya shiga cikin fili ya buga da sauran yara, ya horar da ƙafar da ba ya so.

Tsohon Ɗan Baya, Daura

Koci ya gama da fili, ni zan taɓa hanya, don a nan ake yaudarar iyaye.

Gurbin gola ɗaya ne. Kulob na ajiye uku, ɗaya ke kamawa, kuma ba kasafai ake canza shi ana cikin wasa ba kamar ɗan gaba. Saboda haka gara ƙaramar ƙungiyar da zai kama kowane mako da babbar da zai shekara a benci yana ɗaukar ruwa. Fitowa tarar bugun kwana, jera katanga, tsawatar wa 'yan baya, duk a wasa ake koyonsu. Matakalar a Najeriya sananniya ce: gasar unguwa da ta makarantu, gasar jiha, NLO (lig ɗin ƙasa mataki na uku), NNL (mataki na biyu), sannan NPFL (babban lig ɗin ƙasa), inda Katsina United ke karɓar baƙi a filin Muhammadu Dikko.

Kowa a garin nan ya ga misali da idonsa. Stanley Nwabali ya kama wa Go Round, Enyimba da Lobi Stars, ya zo Katsina United, daga nan ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu a 2022. Sai a gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2024, yana da shekara 27, duniya ta san shi, ranar da ya tare fenareti biyu a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu. Ɗan gaba a wannan shekarun ana cewa ya kai ƙololuwa, gola kuwa lokacin yake nuna. Edouard Mendy ya zauna kusan shekara guda ba kulob a 2014, ya zo ya ɗauki kofin zakarun Turai da Chelsea a 2021. Dino Zoff ya ɗaga kofin duniya a 1982 yana da shekara 40, El-Hadary na Masar ya tare fenareti a kofin duniya na 2018 yana da 45. Ma'anar wannan ga yaronku, Malam, ita ce akwai shekaru masu yawa na jira ba albashin kirki. Kada ya bar makaranta, in da hali ya haɗa da sana'ar hannu.

Dillalai kuma: dokar FIFA ta hana sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan keɓaɓɓun yanayi. Duk wanda ya ce a kawo kuɗin biza zai kai ɗan shekara 15 Turai gwaji, a rufe masa ƙofa. Wakilin gaskiya yana da lasisin FIFA, kuma takardar gayyata daga kulob take fitowa, ana iya tuntuɓarsu a tabbatar. Kada a rage masa shekaru. A gasar 'yan ƙasa da 17 ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar asibiti ta MRI don tantance shekaru, kuma gola ba shi da buƙatar wannan ƙaryar tunda sana'arsa mai tsawon rai ce.

Kawun Gola, Ƙofar Marusa

Na gode ƙwarai. To batun tsawo fa, Yallaɓai?

Kocin Yara, Rafindadi

A shekara 15 bai gama tsawo ba, a dubi mahaifinsa da kawunnansa. Gaskiya manyan kulob na Turai sun fi son wanda ya doshi mita 1.90. Amma Vincent Enyeama bai kai 1.85 ba, ya ɗauki kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2003 da 2004, ya ɗauki kofin Afirka da Najeriya a 2013, ya buga wa Najeriya wasa 101. Gajere dai ba a yafe masa kuskuren tsayuwa, kuma dole tsallensa da lissafin fitowarsa su fi na dogo.

Mai Duba 'Yan Wasa, Sabuwar Unguwa

Malam, safar ba laifin yaro ba ce kaɗai. Tafinta roba ce mai laushi, wadda ta fi kama ƙwallo ita ta fi saurin cinyewa, an yi ta ne don ciyawa. A saya masa biyu: mai tauri mai araha don atisaye, mai laushi don ranar wasa. A auna kewayen tafin hannunsa da inci ban da babban yatsa, a ƙara ɗaya, lambarsa ke nan. Kafin wasa ya ɗan jiƙa tafin, musamman da hunturu, busasshiyar roba tsagewa take. Bayan wasa a wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba omo, a matse a hankali ba murɗawa, a shanya a inuwa. Rana ce ke kashe ta. In zai tashi daga ƙasa ya dafa da dunƙulallen hannu, dafawa da tafi ke goge robar. A filin ƙasa kuma ya sa dogon wando mai soso a ƙugu da riga mai dogon hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne rauni. Yatsan da ya bugu ya kumbura amma yana lanƙwasuwa, a sa ƙanƙara a cikin tsumma minti 15, a ɗaure shi da na kusa da shi da filasta. In kan yatsa ya langaɓe ya ƙi miƙewa, jijiya ce ta tsinke, sai an kafe shi a miƙe mako shida zuwa takwas ba cirewa, in aka bari haka zai zauna. Kada abokan wasa su ja yatsan da ya goce a bakin fili, wani lokaci akwai karaya a ciki.

Mafi haɗari shi ne ya faɗi a kan tafin hannu, ya riƙa jin zafi a ɗan ramin nan na gindin babban yatsa. Akwai ƙaramin ƙashi a wurin da jini ba ya isarsa sosai, karayarsa kan ɓuya a hoton farko, sai an sake ɗauka bayan kwana 10 zuwa 14. Ana ɗaukarsa targaɗe, a murza, a ci gaba da wasa, ƙashin ya ƙi haɗewa. Irin wannan, asibiti ake kai shi tun ranar.

Tsohon Ɗan Baya, Daura

Ƙari ɗaya, Koci, don har yanzu ana koya wa yara tsohuwar doka. Daga 2025 gola na da daƙiƙa 8 da ƙwallo a hannu, ba 6 ba, in ya wuce haka, bugun kwana za a ba abokan hamayya. Alƙalin wasa yana ɗaga hannu ya ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu. A saba masa ya riga ya zaɓi wanda zai jefa wa tun kafin ya miƙe tsaye.