Furosesa tana nuna kashi 180: shin sabarmu ta gaza ne?

Abdurrahman, Aboabo:
Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da sabar wani shagon sari a Adum, wadda take aiki da Ubuntu, kuma a kanta manhajar rasit da lissafin kaya suke. Kullum bayan la'asar sai ta yi nauyi, mai karɓar kuɗi ya zuba wa allo ido, masu saye kuma suna tsaye da kuɗinsu a hannu. Da na buɗe top, manhajar da take nuna aikin da saba take yi, sai na ga MySQL, manhajar rumbun bayananmu, ta ci kashi 180 na furosesa, matsakaicin nauyi kuma ya kai 9. Maigida ya ce a sayo sabuwa. Ta yaya abu zai wuce ɗari bisa ɗari?

Malam Yakubu, Asawase:
Wa alaikumus salam. Kada ka yi gaggawar kashe kuɗin maigidanka. A lissafin top, kowace ƙwayar furosesa tana da ɗari nata, saboda haka idan umarnin nproc ya nuna maka 4, iyakarka 400 ce, kuma 180 bai kai rabi ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne 9 ɗin nan, domin a Linux wannan adadi yana haɗawa da ayyukan da suke jiran faifan ajiya, ba masu jiran furosesa kaɗai ba. Duba layi na uku a top, ka gaya mana adadin da yake gaban haruffan "wa", wato kason lokacin da furosesa take zaune tana jiran faifan ajiya.

Hajiya Rabi, Nima:
Ƙari a kan bayanin Malam: kallo ɗaya ba ya isa hukunci. Adadi uku top take nunawa na matsakaicin nauyi, na minti 1 da 5 da 15, na ƙarshen kuma shi ya fi faɗin gaskiya. Ka saka manhajar sysstat, ka bar sar da take cikinta ta tara maka bayanin nauyin sabar na mako guda tukuna.

Abdurrahman, Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Ƙwayoyin huɗu ne, adadin "wa" kuma yana kaiwa 35 daga ƙarfe huɗu. Da na bincika crontab, jadawalin ayyukan da sabar take yi da kanta, ashe wanda na gada ya tsara kwafe bayanai a wannan lokaci ne, tun zamanin da shagon yake rufewa da wuri. Na mayar da shi ƙarfe ɗaya na dare, yau kuma adadin "wa" bai wuce 3 ba. Sauran in san yadda zan shaida wa maigida, domin har ya fara tambayar farashi.