Gurasar gero tana fashe mini, ku taimaka da dabara

Assalamu alaikum 'yan uwa masu girki. Ina dafa wa wasu mutanen Indiya abinci a nan Kano, kuma mahaifiyar maigidan tana bin tsarin cin abinci na satbik. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ko albasa da tafarnuwa ba a sa mata, kuma ba ta cin abin da ya kwana. Madara da man shanu kam tana so.

Da safe gurasar gero take nema, wadda suke kira bajra roti, kafin ƙarfe 7. Nan ne na maƙale. Garin gero ba shi da danƙon alkama, ina murza shi sai gefensa ya tsattsage, in ɗaga in sa a tanda ya rabe biyu a hannuna. Na kwaɓa da ruwan ɗumi, na shimfiɗa a kan leda ina dannawa da tafin hannu kamar yadda mahaifiyar maigidan ta nuna mini, ya ɗan yi dama-dama, amma da ya huce sai ya bushe ƙamas. Haɗa shi da alkama ba ta yarda ba.

Shin tafasasshen ruwa ya kamata in zuba, kamar za a yi talge? Ko niƙan ne bai yi laushi ba?

Kafin in samu mafita kunun tamba nake dama mata da madara da dabino, tana sha, amma na ga ya fara gundurar ta. Wanda ya taɓa yin fatan acca ba albasa kuma ya yi daɗi, don Allah ya faɗa mini me ya sa a ciki.