Neman shawara: lemona ya farfaɗo, amma yayana ya dage sai an sare

Mai Lambu: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min. Lambun lemon zaƙi ne mahaifinmu ya bar mana, ni da yayana, shi yana birni, ni nake ban ruwa, kuma da kuɗin lemon nan ake biyan makarantar ƙannenmu. Bara wasu bishiyoyi suka fara rawaya dabbare-dabbare, 'ya'yan ƙanana, a karkace, ga ɗaci, suna zuba tun ba su nuna ba. Na zuba takin gargajiya, na yi feshin zinki da manganis, sabon toho ya fito kore shar. Yanzu Yaya ya ce cutar girinin ce (citrus greening, wata cutar bishiyar lemo), a sare. Wadda ta warke za a sare?

Tsohon Malamin Gona: Wa'alaikumus salam. Ɗana, ba ta warke ba, sauƙi ta samu. Ƙwayar bakteriyar girinin tana zama ne a jijiyoyin da ke sauko da abinci daga ganye zuwa saiwa. Bishiya tana jin ta sai ta kwararo haidirojin feroksaid, irin ruwan wankin ciwon nan mai kumfa, don ta kashe ta. Idan ya yi yawa jikinta yake ƙonawa, hanyoyin abinci su toshe. Binciken Jami'ar Florida na 2022 ya nuna wannan martanin shi ne babbar ɓarnar. Sinadaran da ke kwashe gubar suna bukatar zinki da manganis, shi ya sa feshinka ya yi aiki. Ƙwayar tana nan, ƙwaro yana kai ta ga na kusa. Tun 2005 Florida ke fama, da kuɗinsu da masanansu. Sare.

Hajiya Mai Mangwaro: Duk laifin masu sayar da dashe ne. Ni ma an sayar min da wai mai aure, shekaru ina ban ruwa, ƙarshe ba ko kwando ɗaya. Allah ya isa.

Ɗalibar Noma: Baba, a yi haƙuri, feroksaid ba kullum ne abokin gaba ba. A Italiya an samu bishiyoyin tuffa da suka farfaɗo da kansu daga cutar fitofilazma (wata irin bakteriya ce mai zama a jijiyoyin tsiro), kuma a jijiyoyin ganyensu aka tarar ya taru. Sannan wa ya tabbatar girinin ce? Malam Mai Lambu, duba tsohon ganye: idan rawayar dama da hagu iri ɗaya ce, ya fi kama da ƙarancin zinki. Ta girinin ba ta daidaita. A kai ganye gwajin PCR, na gano ƙwayar cuta a ɗakin bincike, tukuna.

Tsohon Malamin Gona: 'Yata, tuffa daban, lemo daban. Ɗa a karkace mai ɗaci kuma fa?

Mai Lambu: Baba, ni nake ganinsu kullum. Tsofaffin ganyen ma na share na ƙone, kuma ina zan samu kuɗin gwaji? Bishiyar da mahaifina ya dasa da hannunsa, tana toho, ban ga dalilin sa mata gatari ba. Zan ƙara feshi da damina.

Hajiya Mai Mangwaro: To Yayan naka zai biya kuɗin sabon dashe ne?

Mai Lambu: Bai ce ba, Hajiya. Ranar Juma'a dai ya ce zai zo da masu sara.