Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yabo ne ko tsiya?

Bakatsine: Salam jama'a. Jiya a wajen suna gwaggona ta hango yarona ya ɗare katanga sai ta ce "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", kowa ya kwashe da dariya ni kuma na rasa yabona ta yi ko tsiya ta min, don ni ma ina yaro ba katangar da ban haura ba a unguwarmu. Wai asalin maganar nan ta yabo ce?

Maman Khalifa: Hhh ƙanina wlh tsiya ta maka. Amma asalinta yabo ce, gudu ai baiwar barewa ne, shi ke ceton ranta. Ɗan malami ya sauke Alƙur'ani da wuri, ɗan maƙeri ya iya riƙe guduma, nan ake faɗinta. Da mugun hali ake nufi da kura za a kawo ba barewa ba.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ke ban mamaki me ya sa barewa, alhali akwai wanda ya fi ta. Rabbi, wanda yara ke ce wa cita, wasu ma su haɗa shi da damisa, yana taɓa kilomita 100 a awa, barewa kuwa wajen 80. A 2012 wata rabbi a gidan zu na Sinsinati a Amurka ta cinye mita 100 a daƙiƙa 5.95, ɗan tsere Usain Bolt da ake ta zuzutawa 9.58 ya yi a 2009. Kuma ba wai babu shi a ƙasarmu Nijar ba ne, akwai 'yan kaɗan a dutsen Termit.

Malam Na Zaure: Ɗana, Bahaushe da abin da yake gani yake karin magana. Mafarauci nawa ne suka taɓa ganin rabbi? Kuma gudunsa na ɗan lokaci ne, ko minti ɗaya ba ya kaiwa ya gaji, ita ko barewa ta yi nan ta yi can har ya haƙura.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam haka ne, amma fa ɗan barewa ba ya bin uwar da gudu a kwanakin farko, lafewa yake cikin ciyawa ko motsi babu sai ta zo shayar da shi. Haka shaho, akwai irinsa da in ya kifo daga sama kan tsuntsu yana wuce kilomita 300 a awa, ba dabbar da ta kai shi, amma ɗansa sai ya yi wajen sati 6 a sheƙa ana ba shi a baki.

Maman Khalifa: To ai ba a ce ranar da aka haife shi ba, kai ma dai da bin ƙwaƙƙwafi. Na ruwa fa, wa ya fi?

Ɗan Damagaram: Yaya akwai wani kifin teku mai dogon baki kamar mashi da tuta a gadon baya, an daɗe ana cewa ya haura kilomita 100 a awa, awon baya-bayan nan ya nuna bai kai ko rabi ba.

Malam Na Zaure: Kar ku manta akwai kishiyarta, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ita ake wa yaron da ya bar halin gidansu ya kama wata hanya.

Bakatsine: Kenan gara da ta ce min barewa. Yanzu ma ga shi can kan katangar maƙwabta, bari in je in sauko da shi.