Muhawara: Ƙwayar gaggawa hana ciki take yi ko zubar da shi?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Akwai wata ƙwaya da ake sayarwa a farmasi da sunan NorLevo, wadda mace ke sha bayan an riga an sadu, kuma ni a fahimtata zubar da ciki ne aka sake wa suna. Malaman Malikiyya sun tsananta cewa idan maniyyi ya zauna a mahaifa bai halatta a fitar da shi ba, ko da kwana 40 ba su cika ba. Azlu, wato miji ya janye ya zubar da maniyyi a waje, daban ne, domin shi tun kafin zubar ruwan ake yin sa.

Hajiya Rabi, ungozoma: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Hukunci naku ne, amma yadda maganin ke aiki fagenmu ne. Ciki ba ya shiga a daren saduwa kamar yadda mutane ke zato, domin maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace yana jiran ƙwai ya fito. Abin da sinadarin levonorgestrel da ke cikin ƙwayar ke yi shi ne jinkirta fitowar ƙwan har maniyyin ya mutu ba su haɗu ba. Idan ƙwan ya riga ya fito, maganin ba ya tsinana komai, idan kuma cikin ya shiga, ba ya taɓa shi, kuma haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana.

Malam Habu: Hajiya, to me ya sa ake gaggawar shan sa?

Hajiya Rabi: Saboda rige-rige ake yi da ƙwan, Malam. Ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 1.5, an fi son a sha ta cikin awa 72, kuma ƙarfinta yana raguwa gwargwadon jinkirin da aka yi. Akwai wata mai suna ellaOne, mai sinadarin ulipristal, wadda ke aiki har awa 120. Da a ce zubar da ciki suke yi, da babu dalilin da zai sa su daina amfani bayan kwana 5.

Sani mai farmasi: Ina goyon bayan Hajiya, sai dai damuwata tana wani wuri. Yawancin masu zuwa wurina maza ne, mutum ya tsaya sai layi ya watse, sannan ya turo takarda a ninke ba tare da ya ɗago kai ba, ya karɓa ya fice kafin in yi masa bayani. Ga shi kuwa bayanin yana da muhimmanci: idan ta yi amai cikin awa 2 da sha, sai ta sake shan wata, idan haila ta makara fiye da mako guda, sai a yi awon ciki, maganin tarin fuka na rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya kuma suna rage masa ƙarfi. Wasu don kunya sukan saya a tiren ƴan talla a Kasuwar Dole, inda kwalin ke wuni cikin rana har rubutunsa ya koɗe.

Malama Zuwaira: Baba Malam, ina roƙon a tuna da matan aure. Wata tana da jariri ɗan wata 8, ta manta ranar allurar tazara, ko kuwa kwaroron roba ya fashe. Akwai kuma yarinyar da aka yi wa fyaɗe, wadda ba ta da laifin komai.

Hajiya Rabi: Ita wannan a kai ta likita nan take, domin ƙwayar ba ta kare mutum daga sida ko ciwon sanyi, kuma maganin rigakafin sida shi ma cikin awa 72 ake fara shi. Sannan gaskiya ɗaya ce, Malam: akwai hanya ta uku, wato robar mahaifa mai jan ƙarfe da ake sakawa cikin kwana 5, wadda ta fi duka inganci, tana hana ciki sama da kashi 99 cikin 100. Babban aikinta shi ne raunana maniyyi kafin ya kai ga ƙwai, amma masana sun ce tana iya hana ƙwan da ya riga ya haɗu da maniyyi kama mahaifa. A kanta tambayarka tana da gurbi, a kan ƙwayar kuwa ba ta da shi.

Malam Habu: Na gode, Hajiya. Idan haka ne, ƙwayar ta fi kusa da azlu, wanda malamai suka halatta tsakanin ma'aurata da yardar matar, sai dai ba zan yanke hukunci ni kaɗai ba. Batun robar mahaifar zan kai shi gaban manyanmu a Birni yadda kika faɗe shi. Har yanzu kuma ina tsoron samari su mayar da ƙwayar madogara.

Sani mai farmasi: Wanda ya mayar da ita madogara zai sha mamaki, Malam, domin saduwar da ta wuce kawai take karewa, ba ta gobe ba, kuma ba ta kai allura ko ƙwayar kullum tabbas ba. Duk wanda ya dawo mini karo na biyu, CSI, wato cibiyar kiwon lafiya, nake tura shi tare da iyalinsa.