Iska ce ko ciwon maƙogwaro? Muhawarar dangi kan rashin lafiyar Ummi

Gwaggo (Marwa): Salamu alaikum. Jiya na dubo Ummi. Kofin shayi ba ya zama a hannunta, kafaɗa na zabura, fuska na yamutsewa, ga kuka ba dalili. Wai likita ya ce ciwon maƙogwaron da ta yi da damina ne sila. Ina ruwan maƙogwaro da hannu? Wannan iska ce.

Kawu (Ngaundare): Nima abin bai shige ni ba. Ciwon da ya warke wata uku da suka wuce, har wanzami ya cire mata beli?

Anti Nas (Garwa): Gwaggo, Kawu, ku gafarce ni, likitan na da gaskiya. Akwai ƙwayar cutar maƙogwaro, sitireptokokus. Garkuwar jiki ta tashi yaƙarta, sai ta ruɗe ta far wa jikin yaron: gaɓoɓi, zuciya, da sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi. Shi ya sa fizge-fizgen ba ya fitowa nan take, yakan ɗau watanni. Likitan Ingila Thomas Sydenham ya bayyana wannan ciwo tun 1686. Ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, mata sun fi.

Kawu: To me ya sa da ta yi barci sai ya tsaya cak? Cuta na barci ne?

Anti Nas: Kawu, wannan ma yana cikin alamominsa. Ka ba ta yatsunka ta riƙe, za ka ji tana matsewa tana saki kamar mai tatsar nono.

Gwaggo: Ni dai ba za a fasa ruƙiyya ba.

Maman Ummi: Ba a fasa ba, Gwaggo, kullum Malam na mata tofi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne allurar nan da likita ya ce a riƙa yi mata. Wai duk wata, shekara da shekaru, ko ta warke?

Anti Nas: Yaya, motsin yawanci yakan lafa cikin watanni. Zuciyar nake ji wa tsoro. Duk sanda ƙwayar ta dawo, garkuwar na iya ƙara cin ƙofofin zuciya, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa da sauƙi. Na ga 'yan mata suna haki a kan gadon haihuwa saboda ita. Allurar fenisilin ce ke tare hanya. An yi mata hoton zuciya?

Maman Ummi: Tukuna.

Anti Nas: Ki kawo ta Garwa ranar Litinin, ku sauka gidana.

Gwaggo: Allah ya ba ta lafiya. Amma ku tafi da ruwan tofin.