Mai jiran gado iri biyu ne, wane suna za mu ba kowanne?

'Yan'uwa masu fassara, a kawo ɗauki. Turawan Ingila sun raba magajin sarauta gida biyu, mu kuwa duk "mai jiran gado" muke ce musu. Akwai heir apparent, wanda babu haihuwar da za ta ture shi, kamar Charles da ya shekara 70 yana jira, daga 1952 zuwa 2022. Akwai kuma heir presumptive, wanda shi ne kan gaba a yau, amma haihuwa ɗaya tana iya mayar da shi baya. Haka mahaifiyarsa Elizabeth ta zauna tun 1936 har ta hau: da mahaifinta Sarki George na shida ya samu ɗa namiji, da ƙaninta ne ya gaji sarautar. Na farkon ina ganin "tabbataccen magaji" ya wadatar. Na biyun ne ya cije mini.

Amsa: Malam, me zai hana "magajin wucin gadi"?

Amsa: A'a, abin wucin gadi an san zai wuce, ita kuwa Elizabeth ai ta hau. "Riƙon ƙwarya" ma bai shiga ba, don mai riƙo mulki na hannunsa, wannan ko kujerar bai taɓa ba. Ni dai "magaji bisa sharaɗi" na zaɓa, sharaɗin kuwa kada a haifi wanda ya fi shi kusa. Mai karatu zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Amsa: Na goyi bayan Hajiya. Sai dai in mace ce a yi hattara da "magajiya", don kunnen Bahaushe na iya kai ta wani wurin da ba a nufa ba. "Gimbiya mai jiran gado bisa sharaɗi" ya yi tsawo, amma ya fi mutunci.

Amsa: Na karɓa, Allah ya ƙara basira. Abu ɗaya nake roƙo: kada a ɗora "tabbatacce" a kan waliyyul ahdi, wato magajin sarautar Saudiyya. Can sarki ne ke naɗawa, yana kuma iya saukewa, kamar yadda Sarki Salman ya sauke Muhammad bin Nayef a 2017 ya ɗora ɗansa Muhammad bin Salman. Wannan "naɗaɗɗen magaji" ne, ko a bar shi a "yarima mai jiran gado" da kunne ya saba ji a rediyo.